Talotalon Madam da Kwanon Inna

Tun da na dawo daga Kurmi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya miƙe ƙafa a kan bencin shagona ya ce, "Malam Bawa, wai da gaske ne ka ci abinci teburi ɗaya da Turawa?" Wani kuma ya ce shi an gaya masa talotalo na yi wa rakiya tun daga Anaca har Fatakwal. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai in na ɗauko labarin, kafin in haye gadar Makurɗi an kira salla, taro ya watse, gobe wasu su zo in koma farko. Bakina ya gaji, keken ɗinki kuma ba ya tuƙa kansa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Inna ce ta aike ni. Yanar ido ta fara rufe mata gani tun bara, shekarar da aka sami mulkin kai, kuma kullum abin gaba yake yi. Ƙanena Habu, autanmu, shekararsa takwas rabonsa da Zariya. Kowace salla fatake za su kawo mata atamfa da sabulu daga wurinsa, da saƙon cewa yana nan lafiya, akawu ne a ofishin wani Bature a Inugu, aiki ne ya yi yawa. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ran nan da hantsi na shiga gaishe ta, na tarar tana laluben bakin ƙofa da hannu. Ta ce, "Kai," don ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari, "ka je ka zo min da Auta tun ina iya bambance fuska da bango."

Ta sauko da wani kwano mai murfi daga jerenta, mai zanen jan fure, ta cika shi da dambun nama ta ɗaure da tsumma. Ta haɗa da ƙullin kuka da daddawa da busasshen zoɓo. Ta ce, "Kwanon nan tun na aurena ne. A dawo min da shi."

Na shiga jirgin ƙasa a tashar Zariya, taragon talakawa, inda mutum da kayansa da akuyar maƙwabcinsa duk matsayinsu ɗaya. Allah ya haɗa ni benci da wani tsohon soja, wanda ya ce shi ya san Kurmi kamar tafin hannunsa. Tun daga Kaduna yake min gargaɗi: kada in ci wannan, kada in sha wancan, kada in tambayi hanya wurin mace. Muna isa Kafancan ya sauka, ashe nan ne iyakarsa. Na bi shi da kallo ta taga, na ga yana ciniki da mai dafaffen ƙwai.

A Makurɗi, da jirgi ya hau gadar Binuwai, tarago ya yi tsit. Ni dai ban leƙa ruwan ba sai sau ɗaya, na koma na rungume kwanon Inna ina salati. Da muka wuce Otukpo wani ɗan tireda ya ce min, "To Malam, ka bar Jihar Arewa ke nan." Na duba ban ga ƙofa ba, ban ga ɗan doka ba, babu wanda ya tambaye ni daga ina. Abin da ya nuna min na ƙetare iyaka shi ne, a tasha ta gaba na yi wa wani sallama ya tsaya yana kallona, sannan ƙosan da na saya da manja aka soya shi.

Inugu garin kwal ne, ko farar rigarka ka shanya sai ta gaya maka. Na tambayi unguwar Hausawa aka nuna min, aka sauke ni a gidan wani mai goro, Malam Iro, mutumin Gwarzo. Bayan mun gaisa, na ce ina neman ƙanena Habu Bazazzage, akawu.

Ya ce, "Akawu? Habu dai na san guda ɗaya, dogo mai wushirya. Habu kuku."

Na ce a'a, ba shi ba ne. Ya kwatanta min tabon da ke goshinsa, tabon da ni na yi masa da marfin tukunya muna yara. Sai na tabbata shi ne.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Mahaifinmu malami ne, har ya rasu bai taɓa sanin inda ake ajiye muciya a gidansa ba. Ɗansa kuma yau shi ne a gindin murhu yana dafa wa Nasara. Ga ƙaryar shekara takwas a kai. Malam Iro ya lura, ya ce, "Malam, nan Kurmi ne. Kowa ka gani a unguwar nan, abin da yake yi daban, abin da ake faɗa a garinsu daban." Ya ce Baturiyar da Habu yake wa aiki malamar makaranta ce, 'yar Amurka, an mai da ita Fatakwal ta tafi da shi. Har ma Habu ya aiko yana neman wanda zai biya ta Anaca ya karɓo masa talotalon da ya sa a kiwata, don wata sallarsu ta Amurkawa ta matso. "Tun da can za ka, ai ka zo a daidai."

Kafin in bar Inugu, wani abokin cinikin Malam Iro, Ibo, ya kai mu gidansa. Aka kawo sakwarar rogo mai tsami da miyar wani ganye mai ɗaci. Na sa a baki ina taunawa, yaran gidan suka fashe da dariya, ashe haɗiya ake yi. Abin da ya burge ni shi ne goro. Mu da muke cinsa dare da rana, ɓarewa kawai muke mu jefa a baki. Shi kuwa mai gidan sai da ya ɗaga shi sama, ya yi masa doguwar addu'a, ya ambaci iyaye da kakanni da baƙi, sannan ya fasa kowa ya sami ɗan ɓari. Na ji kunyar goron da ke aljihuna.

Daga nan motar katako zuwa Anaca. Kasuwar Anaca kuwa, in ka shiga ba ka riƙe sunan layin da ka biyo ba, sai dai 'yan'uwanka su yi haƙuri. Mata ne da ciniki, kuma ba sa yi maka kara. Na sami mai kajin a bakin kogin Kwara, sunansa Ɗanjuma. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi da rabi ce, in ya juya wurin matarsa sai ya koma Ibo tsantsa. Ya janyo min talotalon daga keji. Ban taɓa ganin tsuntsu mai girman kai irinsa ba. Ga jan tsoka tana reto a hanci, ga kumbura, yana kallona kamar ni aka ba shi ya kai Fatakwal.

Ɗanjuma ya ce, "Ka kula fa, Malam. Dis wan, i get wahala. Yana da faɗa."

A mota aka ba mu benci na baya, ni da shi a cikin kwando. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai jiki, da tiren gyaɗa a cinya. Kafin mu yi nisa talotalo ya zuro wuya ta ramin kwando ya shiga yi mata ɓarna. Ta zazzaga min masifa da yarenta, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. A Oweri aka tsaya, na sauka na yi alwala na ta da salla a gefen hanya. Ina raka'a ta biyu na ji ihu. Na sallame na ga kwando a buɗe, talotalo ya nufi gonar rogo, fasinja da karen mota suna binsa. Matar nan da ta gama zagina ita ta kwance gyalenta ta rufa masa, ta sunkuto shi kamar jariri ta dire min. Da muka koma mota ta ɓare ayaba ta miƙo min, ta ƙara da gyaɗar da ya rage mata.

Mun shiga Fatakwal ana ruwa. A gida an daɗe da shigar da hatsi rumbu, a can kuwa sama ba ta san an yi kaka ba. Na sauka a unguwar Diyobu, wurin da ake kira Mayil Biyu, gidan Baba Tanko, wani dattijon mahauci mutumin Haɗeja wanda duk baƙon Arewa yake fara faɗawa hannunsa. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya. Akwai shi da matarsa Gwaggo Hajo, akwai wani kafinta Ibo da iyalinsa, akwai Ladi, Kirista 'yar Kagoro, ungozoma a asibiti. Da safe kowa da irin addu'arsa, amma bokiti layi ɗaya yake bi. Aka ɗaure talotalo a jikin turmi.

Washegari aka raka ni unguwar Turawa. Na zagaya ta ƙofar baya, na tarar da Habu cikin fararen kaya da ƙyalle ɗaure a ƙugu, yana yanka albasa. Ya ɗago ya gan ni, wuƙar ta faɗi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya. Lafiya? Inna?"

Na ce, "Tana nan da rai, akawu. Idonta ne yake tafiya. Ta ce in zo da kai."

Ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi sai ya ce in yi masa haƙuri zuwa Alhamis. Ranar ce sallar su Madam, ta gayyaci baƙi, wata guda tana shiri. In abinci ya yi kyau ranta ya yi fari, zai roƙe ta hutu mu tafi tare. Na tambaye shi wace irin salla ce. Ya ce, "Ta godiya ce. Bayan kaka suke yinta, su gode wa Allah a kan abin da suka samu. Kamar dai layyarsu ce, talotalo ne ragon."

Ran Laraba na bi shi kasuwar Kirik Rod, bakin ruwa, inda ƙarnin kifi yake tarbarka tun daga titi. Kabewa yake nema da dankali. Muka dawo na zauna a bakin madafa ina kallon ikon Allah. Kabewar da muke sa wa a miyar taushe, shi ya dafa ta ya murje, ya zuba madara da ƙwai da sukari, ya juye a kan wani faifan ƙullu ya tura cikin murhun ƙarfe mai ƙofa. Dankali ma sukari. Madam ta shigo, doguwa, gashinta ya fara fari, ta gaishe ni da Hausar da ba ta wuce "sannu" ba. Damuwarta ɗaya, wai akwai wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake yin miyar da ake ci da naman, ba a samunsu a ƙasar nan. Habu ya kwance ƙullin zoɓon Inna, ya tafasa da sukari da ɓawon lemo har ya yi kauri, ya miƙa mata a cokali. Ta ɗanɗana ta rufe ido, ta gyaɗa kai. Ni dai a raina na ce mutanen da ke cin nama da sukari sai a yi musu addu'a. Amma na ga yadda hannun Habu yake tafiya, ba gaggawa ba ɓarna, irin yadda nake so yaran shagona su riƙe almakashi.

Da zan tafi ya ce gobe da sassafe a yanka talotalo a can Diyobu, yankan Musulmi, a fige in kawo masa. Ya ɗauko jerin kwanukan Madam, irin masu shiga cikin juna, ya danƙa min duka don yana sauri. "Babban na naman ne, ƙaramin na kayan ciki."

Da safe bayan mun dawo daga masallaci na riƙe ƙafafu, Baba Tanko ya yi bisimilla ya yanka. Muna figa ya tambaye ni labarin sallar, na maimaita masa abin da Habu ya ce.

Ya ce, "Layya da tsuntsu? To, kowa da addininsa. Amma abin da aka yi don gode wa Allah ai ba a cinye shi a gida ɗaya." Ya buɗe jerin kwanukan ya ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Ka gani ko? Har kwanukan rabo ta aiko. Baturiyar nan ta san ya kamata."

Ni ma wallahi haka na gani. Baba Tanko ya wasa wuƙa, kafin ka ce me ya sassara talotalo gaɓa-gaɓa, ya kasa uku yadda ake yi. Ƙirjin gaba ɗaya, da yake shi ne mai tsoka, ya ware wa mai layya. Sauran Gwaggo Hajo ta zuba a kwanuka ta bi ɗaki-ɗaki, har da wata makauniya a gidan baya. Kowa ya sa wa Madam albarka. Na ɗauki babban kwano na kama hanya ina jin daɗin an yi abin kirki.

Habu ya ɗaga murfi. Ya dube ni, ya sake duba kwanon.

"Yaya, ina sauran?"

"An raba."

"An raba wa wa?"

Na faɗa masa. Ya dafa bango. Ashe su a wurinsu duk darajar abin a ce an kawo tsuntsun teburi ɗungurungum, an cusa masa burodi da albasa a ciki, an gasa ya yi ja, kowa ya gan shi tukuna, sannan mai gida ya yanka a gaban baƙi. Wanda ya kawo shi a yayyanke kamar wanda ya kai wa ango babbar riga ne a ƙyalle-ƙyalle. Madam ta shigo ta leƙa kwanon. Habu ya yi mata bayani da Turanci. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya, ta ce wani abu gajere, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Habu ya ce, "Ka gama da ni, Yaya. Da wane baki zan roƙi hutu yanzu?"

Na koma Diyobu. Na yi tafiyar nan duka, na sha zagi a mota, ga shi zan koma wa Inna da kwano ba Auta. Na gaya wa Baba Tanko, ya yi salati ya ce shi zai je da kansa ya ba da haƙuri. Gwaggo Hajo tana gindin murhu tana juya waina, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ku dai maza akwai gaggawa. Kwanukan matar ai ba su koma ba tukuna."

Bayan la'asar muka kama hanya. Baba Tanko a gaba cikin babbar riga, sai ni, sai Gwaggo Hajo da Ladi da matar kafinta, kowace da kwano a ka. Mai gadin unguwar Turawa ya so ya hana mu, Ladi ta yi masa Turancin asibiti ya kauce. Mun tarar baƙin Madam sun iso, Amurkawa uku, malaman makaranta su ma, suna zaune shiru. A tsakiyar teburi ga ƙirjin talotalo, Habu ya ɗora shi a kan tulin burodi da albasa ya gasa, ya yi iya ƙoƙarinsa ya ba shi siffa. Kowa ya gani ya san babu ƙafa babu fiffike.

Mata suka sauke kwanuka suka buɗe. Na Gwaggo Hajo waina ce da miyar taushe, cinyar talotalo a ciki. Na matar kafinta farfesu ne mai yajin da ke sa kunne ƙaiƙayi. Ladi ta yi faten acca da wuya da fiffike. Har makauniyar gidan baya ta aiko da nata, da dafaffiyar gyaɗa a ciki. Madam ta tambayi mene ne wannan. Ladi ta ce mata, "Kin aika mana da naman sallarki, mun gode. A wurinmu ba a mayar da kwano ba komai a ciki."

Madam ta bi kwanukan da kallo, nata ne duka, ga talotalonta ya dawo ta hanya huɗu. Sai ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da ƙyallen teburi. Baba Tanko ya fara ba da haƙurin da ya shirya tun daga gida, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta sa a kawo kujeru. Ya ja Habu gefe ya tambaya a hankali ko akwai alade ko giya a abincin. Habu ya ce babu, kwalbar da ke akwai ma an kawar. Da Habu ya ga mutane sun yi yawa, sai ya shiga ya ɗauko kwanon Inna da na kawo masa da sauran dambu ya ajiye a ƙarshen teburi. Madam ta ce shi ma ya cire ƙyallen ƙugunsa ya zauna.

Al'adarsu ita ce kafin a ci, kowa sai ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai a shekarar, da babbar murya, a gaban kowa. Mu mun saba mu ce alhamdu lillahi a dunƙule mu wuce, lissafawa sai ka ga kamar gori ne ko neman baki. Amma da na saurara na ga abin yana da nauyi. Ladi ce take juya mana da Hausa. Wani saurayi a cikinsu ya gode da ya warke daga zazzaɓi. Baba Tanko ya gode da bai mutu da kunyar yau ba. Madam ta ce mahaifiyarta ce take dafa wannan abinci kowace shekara a garinsu. Tun da ta zo ƙasar nan take cewa baɗi za ta je su yi tare, baɗi za ta je, har bara aka aiko mata ta rasu. Wannan ne karo na farko da ta shirya shi a gidanta. Ta ce tun da safe take ganin ta kasa, ga shi kuwa teburin ya fi na mahaifiyarta cika.

Sai idonta ya kai kan kwano mai jan fure. Ta ce wannan ba nata ba ne, na wane ne?

Na ce, "Na mahaifiyarmu ne. Ita ta yi dambun da hannunta, da lalube, don idonta ya kusa rufewa. Zoɓon nan ma nata ne. Ta aiko ni in zo mata da autanta ta gan shi, shekara takwas ba ta gan shi ba."

Habu ya yi sauri ya juya mata da kalma uku ko huɗu. Ladi ta dube shi ta ce, "A'a, Habu, ba haka ya ce ba." Ta mayar da maganata duka, ba ta rage komai ba.

Madam ta ajiye cokali. Ta yi magana tana kallon Habu, Ladi ta juya mana a hankali: "Ta ce kowace shekara tana ce masa ya ɗauki hutu ya je gida. Shi yake ce mata ba shi da kowa a gida."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba don mutane ba da na ƙara masa tabo na biyu a goshi. Ashe babu wani hutu da ake roƙo, babu ruwan talotalo. Baba Tanko ya kama hannun rigata ya zaunar da ni. Habu kansa a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan farar rigarsa. Ya ce, "Yaya, da wane ido zan dube ta? Ɗan Malam da tukunya. In na je sai na faɗa mata, in na faɗa mata unguwa ta ji."

Baba Tanko ya ce, "Yaro, ni ɗan liman ne, ga ni da wuƙar fawa. Na ƙi zuwa gida saboda irin wannan kunyar, har aka binne tsohuwata ban sani ba. Ci abinci."

Aka ci. Na ɗanɗana naman da miyar zoɓo mai sukari, ba zan ce muku na so ba, amma na gane abin da suke nufi. Turawa suka sha farfesu suna hawaye suna ƙari. Gwaggo Hajo ta ci kabewar mai madara ta ce a ba ta sauran ta kai wa makauniya.

Da aka watse Madam ta ɗauki kwanon Inna ta shiga madafa. Da hannunta ta wanke shi, ta goge, ta cika shi da wani busasshen biskit mai zuma da citta wanda ba ya lalacewa a hanya, ta ɗaure da tsumman da ya zo da shi. Na miƙa hannu zan karɓa, ta wuce ni ta tsaya gaban Habu. Ta kira Ladi ta ce ta faɗa masa da Hausa, don kada ya ce bai ji ba.

Ladi ta ce, "Ta ce yau an koya mata ba a mayar da kwano ba komai. Ta ce kai za ka kai shi, hannu da hannu. Kada ta ga ƙeyarka a madafar nan sai bayan wata guda."

Dawowa ba ta da labari. Jirgi ɗaya muka shiga tun daga Fatakwal, Habu da kwano a cinya, bai yarda ya ɗora shi a kan kaya ba. Mun yi nisa ba ma magana. A gadar Makurɗi na ga shi ma ya rungume shi yana salati, sai na ji fushina ya fara sauka.

Mun iso Zariya da hantsi. Inna tana zaune a ɗaki. Habu ya yi sallama ya durƙusa, ya ajiye kwano a gabanta. Ta shafa murfin ta gane nata ne, ta ture shi gefe, ta lalubo hannuwansa. Ta daɗe tana shafa su, yatsa bayan yatsa, har ta kai kan tabon ƙuna da ke bayan hannunsa.

Ta ce, "Alƙalamin Turawa yana ƙona mutum ne?"

Ya ce, "Inna, ni ba akawu ba ne. Kuku ne."

"Na sani. Fataken da ke kawo min atamfa sun gaya min tun shekarar farko. Jira nake ka gaji da ɓoyewa ka zo." Ta saki hannun. "Bature ya ci girkinka shekara takwas, ni da na haife ka ban ɗanɗana ba. Akwai kabewa a bayan randa, anjima ka dafa min."

Sannan ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. Ta ce, "Cikin ɗakin nan duhu gare shi. Matso bakin ƙofa."

Ya matsa ya durƙusa inda rana take faɗowa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kawo ta kusa da tata, kusa ƙwarai, tana juya ta a hankali wajen haske. Ni ina tsaye a tsakar gida ina kallonsu.

Can ta ce, "Ga wushiryar nan. Ka yi ƙiba, Auta. Ashe kana ɗanɗana abin da kake dafawa."